Kana Ɗaukar Bidiyo, Dambe Na Wuce Ka: Abin da Waya Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa a Wurin Kallo

Ka ɗauka kaka ta yi, an kai gero da dawa gida, an kafa fagen dambe a Rara. Masu kalangu sun saki take, ɗan damben da ka fi so ya shigo yana kirari, hannunsa naɗe da kara. Kai kuma ka zaro waya ka ɗaga sama, kamar yadda na gabanka da na bayanka suka yi. Ana cikin turmi na biyu sai ka ji fage ya kaure da ihu. An yi kisa. Ka juya wurin na kusa da kai ka ce, "Kai, ina ya same shi? A haɓa ko a kunne?" Shi ma bai sani ba, sai ya ce, "Tsaya mu duba bidiyon."

Ku biyun kun biya kuɗin shiga, 'yan taku ne tsakaninku da inda abin ya faru, amma sai da kuka koma ga waya sannan kuka san abin da aka yi a gabanku. Haka abin yake a wurin ɗaurin aure a Achida, da hawan Sallah a Wurno, da saukar karatu a Goronyo. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yau ga shi Tecno da itel da Infinix masu kyamara sun kai ƙauyukan da ko wutar lantarki ba ta kai ba. Dattawa na cewa yaran yanzu sun daina kallo, sai ɗauka. Shin da gaske ɗaukar na rage wa mutum wani abu, ko dai ƙorafin tsofaffi ne kawai? Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 10 suna gwada wannan tambaya, kuma amsar da suka samu ta shafi tarukan Hausawa ta wata fuska ta musamman.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da hankali bai taɓa ba

Mutane da yawa na zaton ido kamar kyamara yake, ƙwaƙwalwa kuma kamar memori: duk abin da ya gifta sai an naɗe shi. Ba haka halittarmu take ba. Idanunka biyu na hango fili mai faɗi, kusan digiri 200 daga hagu zuwa dama, amma wurin da kake gani tar-tar ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya, yana ta tsalle kamar sau 3 a kowane sakan, yana tsintar abin da hankali ya aike shi ya tsinto. Abin da aka tsinto shi ke wucewa zuwa wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda ke ɗaure abin da ka gani da abin da ka ji da wurin da kake tsaye, su zama tunani guda da za ka iya tunowa gobe.

Akwai wani gwaji da ya yi suna a kan haka. A 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard a Amurka sun nuna wa mutane bidiyon wasu matasa na jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga sau nawa masu farar riga suka jefa. Ana tsaka da wasan sai wata mace sanye da rigar goggon biri ta ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba sam. Idonsu a buɗe yake, yana kan bidiyon, amma hankalinsu na wurin ƙirga.

To yanzu lissafa ayyukan da kake yi lokacin da kake ɗaukar dambe. Kana kula kada hannunka ya yi rawa. Kana bin 'yan damben kada su fita daga fuskar waya. Kana kauce wa hular na gabanka. Kana leƙa caji, kana fargabar kada waya ta ce ta cika. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin rabonsa daga hankalin nan guda da kake da shi, kuma abin da ya rage shi ne rabon damben.

Gwajin gidan tarihi

Wadda ta fara auna wannan kai tsaye ita ce Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka, a binciken da mujallar Psychological Science ta buga a 2014. Ta zagaya da ɗalibai cikin gidan adana kayan tarihi na jami'ar, aka nuna musu abubuwa 30. Rabi aka ce su tsaya su kalla kawai, rabi kuma su ɗauke su hoto. Washegari aka yi musu tambayoyi ba tare da sun duba hotunan ba. Sai ya zamana abubuwan da suka ɗauka hoto su suka fi mantawa, har da ƙananan siffofinsu.

Ta sake gwajin da ɗan sauyi. A wannan karo ta ce wa ɗaliban su zuƙo wani ɓangare na abin, su ɗauki shi kaɗai, misali hannun mutum-mutumi ko kansa. Nan kuma mantuwar ba ta bayyana ba. Abin mamaki ma, sun tuna har da sassan da ba su shiga hoton ba. Dalili shi ne kafin ka zaɓi inda za ka zuƙo, dole sai ka ƙare wa abin kallo. Ka ga kenan laifin ba na kyamarar ba ne ita kaɗai, ya danganta da ko ɗaukar ta sa ka duba, ko ta ɗauke maka wahalar dubawa.

Allon da aka san za a wanke

Me ya sa mutum zai manta abin da ya ɗauka? Bayanin farko da masana suka kawo duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi da sauri. Almajiri ya san da zarar ya biya wa malam karatunsa za a ce ya wanke allon. Tunda rubutun ba zai daɗe ba, dole ya mayar da shi kansa. Da a ce allon zai zauna har abada a aljihunsa, da ƙwazon haddar ya ragu.

Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolombiya da abokan aikinta sun gwada irin wannan a 2011. Sun sa mutane su rubuta gajerun bayanai 40 a kwamfuta. Wasu aka ce musu kwamfutar za ta adana, wasu aka ce za ta goge. Waɗanda suka ɗauka za a goge su suka fi tunawa. Wato idan ƙwaƙwalwa ta yarda cewa akwai mai riƙe mata kaya, sai ta sassauta.

Sai dai wannan bayani bai gama rufe magana ba. A 2018, Julia Soares da Benjamin Storm na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz sun sa ɗalibai ɗaukar hoton zane-zane da Snapchat, inda hoto ke ɓacewa da kansa, wasu kuma aka sa su goge hoton da hannunsu nan take. Kowa ya san babu ajiya. Duk da haka sun fi manta zanen da suka ɗauka a kan wanda suka kalla kawai. Wannan ya nuna ko ba ka dogara da waya ta riƙe maka ba, aikin ɗaga ta da saita ta da danna ta ya isa ya raba ka da abin da ke gabanka.

Ido na ƙaruwa, kunne na raguwa

Ga binciken da ya fi shafar mu. A gwajin Henkel umarni aka ba ɗalibai, ɗauki wannan, bar wancan. A rayuwa kuwa mutum abin da ya ga dama yake ɗauka. Don haka a 2017 Alixandra Barasch da Kristin Diehl da Jackie Silverman da Gal Zauberman suka bar mutane su zaɓa da kansu. Mutum 294 suka zagaya wani baje kolin kayan tarihi, kowa da na'ura a kunne tana yi masa bayanin abin da yake kallo. Wasu na da kyamara, wasu an karɓe tasu. Da aka gama aka yi musu tambayoyi iri biyu, na abin da suka gani da na abin da suka ji.

Masu kyamara sun fi sauran gane abubuwan da suka gani, ko da ba su sake duba hotunan ba. Amma a tambayoyin abin da aka faɗa musu a kunne, marasa kyamara sun fi su. Masu binciken sun ma gano cewa ko babu kyamara, idan aka ce wa mutum ya riƙa ɗaukar hoto a zuci, sakamakon kusan ɗaya ne. Neman abin ɗauka na karkatar da hankali zuwa ido, kunne kuma ya biya kuɗin.

Yanzu tambayi kanka, a tarukanmu ina aka ajiye daɗin, a ido ko a kunne? Dambe ba naushi ne kaɗai ba. Kalangu magana yake yi, kowane gwarzo da takensa, kuma wanda ya san fage yana jin an sauya kiɗa ya san wa ake kira. Kirarin da ɗan dambe ke yi yana ɗauke da sunan ubangidansa da garinsu da waɗanda ya buge. Abin da ya sa har yau ake maganar Shago, ai waƙar Ɗan Anace ce, alhali mafi yawan masu ambatonsa ba su taɓa ganin dambensa ba. A ɗaurin aure, abin da ya sa ka zama shaida shi ne ka ji waliyyi ya bayar, ka ji wakili ya karɓa, ka ji an ambaci sadaki. A hawa, maroƙa da 'yan kirari ke jero asalin basarake kaka da kakanni. A taron manoma, malamin gona baki yake buɗewa ya faɗi awon taki da lokacin feshi, kuma mai albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno da ya rasa wannan jimla guda zai gani a gonarsa.

Mu mutane ne da muka zuba tarihinmu da hikimarmu a cikin magana. Saboda haka ɓangaren da ɗauka ke ragewa shi ne daidai ɓangaren da tarukanmu suka fi nauyi.

Ya kamata ka san iyakar waɗannan gwaje-gwaje. Yawancinsu a Amurka aka yi su, galibi da ɗaliban jami'a, kuma hoto ake ɗauka, ba bidiyo ba. Sai dai hoto dannawa ɗaya ne ka sauke hannu, bidiyo kuwa yana riƙe ido da hannu har sai ka tsayar da shi. Idan dannawa ɗaya na cin hankali, babu dalilin zaton minti 10 na riƙon waya zai ci ƙasa da haka.

To daɗin kallon fa?

Nan sakamakon bai bi bayan dattawa gaba ɗaya ba. Diehl da Zauberman da Barasch sun buga wani bincike a 2016 da ya ƙunshi gwaje-gwaje 9 da mutane sama da 2,000, ciki har da yawon buɗe ido a motar bas a birnin Filadelfiya da cin abincin rana a kasuwa. A mafi yawan lokuta masu ɗaukar hoto sun fi jin daɗin abin, domin neman abin ɗauka ya sa sun ƙara nutsewa a ciki. Wannan ƙarin daɗi ya ɓace idan ɗaukar na da wahala har tana katse kallo, ko kuma idan mutum shi ke yin aikin da hannunsa. Idan abin kallon mara daɗi ne kuwa, ɗaukar na ƙara masa muni.

A 2018 masanan nan uku suka ƙara gano wani abu. Niyyar da ka ɗauka da ita na da tasiri. Wanda ya ɗauka domin ya ajiye wa kansa ya fi jin daɗin taro a kan wanda ya ɗauka domin ya watsa wa jama'a. Mai niyyar watsawa jikinsa na fage, zuciyarsa na wurin masu kallo: ya fito da kyau kuwa, me za a ce, wa zai yaba? Sun kuma lura cewa kusancin waɗanda za a tura wa na sauya girman wannan damuwa. Tura wa yayanka da ke ci-rani a Legas daban, sakawa a TikTok domin duniya ta gani daban.

Dokin ya fi kusa da yadda waya ke nuna maka

Akwai asarar da ta wuce ta mantuwa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi an yi ta ne ta kwaso fili mai faɗi ta matse shi a 'yar fuskar da ba ta fi tafin hannu ba. Saboda haka komai na fitowa ƙarami, kuma abin da ya fito ƙarami ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa mai nisa. Ga shi kuma ka sadaukar da gefen idonka, wanda shi ke fara hango motsi ya gargaɗe ka.

Ka kwatanta da lokacin jafi a hawan Sallah, mahaya sun sako dawaki a guje. Doki mai sukuwa na iya yin kilomita 40 a awa, wato mita 11 a sakan ɗaya. Dokin da ke nesa da kai da mita 20 bai kai sakan 2 ba zai iso. Wanda ke kallo da idonsa ya riga ya ja da baya, mai kallo ta waya kuwa yana nan yana gyara saiti. Haka yake a bakin ruwa. Wasu likitoci a Indiya sun tattara rahotannin mutanen da suka mutu wurin ɗaukar kansu hoto a duniya daga Oktoban 2011 zuwa Nuwamban 2017, suka samu mutum 259, kuma nutsewa a ruwa ce ta fi kashe su. Duk mai shiga kwale-kwale a gulbin Rima ko mai zuwa kallo madatsar ruwa ta Goronyo ya riƙe wannan.

Ai ɗaukar ma na da ranarta

Kada ka fahimci cewa ana nufin a daina naɗar komai. Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, ya rasu fiye da shekara 50, amma muryarsa na nan a wayoyin jikokin waɗanda suka saurare shi, saboda wani ya kafa na'ura ya naɗa. Makaɗa nawa ne na zamaninsa da suka tafi da waƙoƙinsu domin ba a samu mai naɗa ba? A yau kuma, da ci-rani da matsalar tsaro suka raba dangi a gabashin Sakkwato, sau da yawa ɗan bidiyon nan shi ne kaɗai hanyar da uwa za ta ga bikin ɗiyar ƙanwarta.

Abin lura shi ne, na'ura ɗaya ta isa ta adana Narambaɗa, sauran jama'ar fada sauraro suka yi. Yau mutum 200 ne ke ɗaukar abu guda, daga nesa, hannu na rawa, ihu ya danne sauti. Bayan mako biyu waya ta cika, a bi su a goge ba tare da an kalla ba. Wanda ya yi haka ya tashi tsuntsu biyu babu ko ɗaya a hannu: bai kalla da idonsa ba, bai kuma ajiye a wayarsa ba.

Yadda za ka ci riba biyu

Idan kun je taro ku da yawa, ku wakilta mutum ɗaya ya ɗauka, wanda wayarsa ta fi kyau kuma ya samu wurin tsayawa, daga baya ya tura wa kowa ta Xender ko WhatsApp. A wasu ƙasashe har an kai ga mawaƙa da masu barkwanci na sa a kulle wayoyin 'yan kallo a cikin 'yar jaka ta kamfanin Yondr har a tashi. Mu ba sai mun kai can ba, yarjejeniya tsakanin abokai ta wadatar.

Idan kai ne mai ɗauka, ka zaɓi abin da kake so tun kafin ka ɗaga hannu, kamar yadda ɗaliban Henkel masu zuƙowa suka yi. Shigowar ɗan dambe, ko fuskar ango lokacin da ake shafa fatiha, sakan 20 ko 30, ka mayar aljihu. Da zarar an fara magana mai muhimmanci, ko siga ce ta aure ko bayanin malamin gona ko kirari, sauke waya ka ba kunne haƙƙinsa. Idan maganar ce kake son adanawa, kunna rikodar murya ka sa a aljihun gaba, ba ta buƙatar idonka.

Turawa kuma ka bari sai ka koma gida. Wannan zai cire maka tunanin masu kallo lokacin da kake fage, ya kuma ba ka damar tambayar kanka ko waɗanda ke cikin bidiyon, musamman mata a cikin gidan biki, sun yarda a gan su.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma kakanninmu sun daɗe suna yin sa. Ka ba da labari. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Tunowa da kanta ke ƙarfafa tunani, kamar yadda tilawa ke riƙe hadda. Don haka idan ka dawo daga dambe aka zauna hira a ƙofar gida, kada ka fara da miƙa waya. Fara da bakinka: wa ya fara shiga, wane take aka kaɗa, me ya faɗa a kirarinsa, ta ina naushin ya zo. Bayan ka gama sai a kunna bidiyon a ga inda ka yi daidai da inda ka ƙara gishiri.

Wani damben da za ka je, gwada wannan: ɗauki turmin farko, ka kalli na biyu da na uku da idonka, waya na aljihu. Bayan kwana 7, ba tare da ka duba komai ba, zauna ka ga wanne ka fi iya ba da labarinsa.